Yadda na canja akwatin tartsatsin murhun gas mai kai huɗu

Murhun na tsaye ne, mai kai huɗu da obin a ƙasa, irin wanda ake sa wa amarya cikin kayan ɗaki. Shekararsa uku a wani gida da ke ƙauye a bayan Ringim. A da in an danna makunni an murɗa sai a ji ƙyas-ƙyas-ƙyas wuta ta kama, yanzu kuwa shiru, sai da ashana. Gas na fita lafiya, harshen wutar shuɗi ne, tartsatsin ne kawai babu a ko wane kai. Maigidan ya riga ya gama shari'a tun kafin in sauke jaka: "Malam, iginishan ɗin ne ya ƙone, ka faɗi kuɗinsa kawai." Gaskiyarsa, ya ƙone. Sai dai da na sayo sabo na ɗaura a ranar ba tare da na nemi abin da ya kashe na farkon ba, da shi ma bai yi mako ba.

Abin da 'yan kasuwa ke kira iginishan ɗan akwatin roba ne, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Wutar soket ke shiga ta baki biyu, ta cika wata 'yar kafasito da ke ciki, in ta cika sai ta juye gaba ɗaya cikin ƙaramar taransifoma, ita kuma ta ɗaga wutar ta haura bolt 10,000. Kowace juyewa ita ce ƙyas ɗin da kunne ke ji. Daga nan siraran wayoyi masu kaurin riga ke kai wutar zuwa farin tsinken tangaran da ke tsaye a gefen kowane kai, wanda wasu ke ce wa fulogi saboda aikinsu ɗaya da fulogin babur. Wutar ta yi tsalle daga bakin tsinken zuwa ƙarfen kan, ta bi jikin murhu ta koma. Busasshiyar iska tana buƙatar kusan bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita ɗaya, don haka ratar milimita huɗu ta ci kusan duk ƙarfin akwatin. Wanda ya riƙe wannan lissafin zai gane yawancin cututtukan murhu: duk inda wutar ta sami hanya mafi kusa, can za ta bi, ba ruwanta da inda kake so.

Da gas na fara, na sallame shi daga wurin. Na kunna kai ɗaya da ashana, na rufe regileta yana ci, na bari wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan na rufe makunni, na cire regileta, aka fitar da tukunyar gas ɗin mai kilo 12.5 can gindin bishiya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, kuma aikin da za a yi na tartsatsi ne. Ba a haɗa su a ɗaki ɗaya. Murhun ma mun ɗauke shi mu biyu zuwa zaure, bayan na zare murfin gilashinsa na jingine. Ta gefe ake kama shi, ba ta hannun ƙofar obin ba, don wannan hannun ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Zaure ya fi tsakar gida a wannan aiki saboda duhunsa: tartsatsi ba ya ganuwa a hasken rana.

Kayan aikin ba yawa: sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, filaya mai dogon baki, mitar hannu ta auna wuta, testa, tsohon buroshin haƙori, sifirit, sanfefa mai laushi, ruwan sabulu a kofi, sai wayar hannu don ɗaukar hoto.

Soket na fara gwadawa. An kawo wuta a lokacin, mita ta nuna bolt 212, wanda ya isa. A ƙauyukanmu wannan gwajin ba na wasa ba ne, domin in wuta ta yi ƙasa sosai kafasiton kan daɗe bai cika ba, sai ƙyas ɗin ya riƙa zuwa ɗaya-ɗaya kamar mai jin barci, ko ya ɗauke gaba ɗaya, a ɗora wa akwati laifi alhali lafiyarsa lau. Fiyus ɗin fulogin bango ma lafiya yake, fitilar obin tana kamawa. Ke nan wuta na shiga murhun.

Yadda matsalar ta bayyana ma tana nuna inda za a nema. In kai ɗaya ne ya ƙi sauran suna yi, da wuya akwati ne, a duba tsinken wannan kan da wayarsa. In makunni ɗaya ne ba ya tayar da ƙyas amma sauran suna tayarwa, suwic ɗin bayansa ne. In kuwa ko'ina shiru, abu uku ya rage: wuta ba ta shiga, ko layin suwic ya yanke, ko akwatin ya mutu.

Na zare fulogi daga bango, na kwance sukuru shida na farantin baya. Gefen farantin nan kaifi gare shi kamar aska, a kama da tsumma. Akwatin yana can ƙasa ta hagu, nesa da zafin obin, an maƙala shi da sukuru ɗaya da 'yar ƙugiyar roba. A wasu murhunan yana ƙarƙashin farantin sama ko bayan makunnai. In ba ka gan shi ba, bi fararen wayoyin tsinkaye, duk wuri ɗaya suke taruwa. Ƙurar hunturu ta yi masa bargo, ga kashin ɓera a kusurwa. Da na share sai ga tabo ruwan ƙasa a gefensa, robar ta ɗan kumbura, yana warin ƙonanniyar waya.

Kafin in taɓa ko waya ɗaya na ɗauki hoto uku, na kuma naɗa wa kowace waya ɗan salatif na rubuta sunan kanta: babba, matsakaici na dama, matsakaici na hagu, ƙarami, obin. Sannan na zare wayoyin shigar wuta guda biyu daga akwatin, na kama su da bakin mita a ma'aunin wutar soket, na tabbatar ba sa taɓa juna ko jikin murhu, aka mayar da fulogi. Abin da nake jira shi ne mita ta nuna sifili, sai na danna makunni ta tashi. Ban taɓa komai ba ta nuna 212.

Nan maganar take. Bayan kowane makunni akwai ɗan suwic da aka zura a sandar famfon gas, dukkansu a jere kan waya biyu, ta yadda ko wanne aka danna wuta za ta tafi akwati, shi ya sa duk kawunan ke tartsatsi tare. In ɗaya ya maƙale a rufe, akwatin zai yi ta aiki ba hutu muddin akwai wuta a soket. Shi kuwa an yi shi ne don aikin 'yan daƙiƙoƙi. Na ce wa maigida ya tambayo mini uwargida ko murhun ya taɓa ƙyas-ƙyas shi kaɗai. Ta amsa daga bayan labule: "Ƙwarai kuwa, Malam. Ranar da miya ta ɓalle na wanke shi da ruwa sosai, da daddare aka kawo wuta muka ji yana ta yi, har muka yi barci. Da safe ya yi shiru, na ɗauka ya warke." Mutuwa ya yi, ba warkewa ba.

Wani abu da ba a yi: sa mita a bakin da tartsatsi ke fita. Mitar hannu iyakarta bolt 600 zuwa 1,000, wancan kuwa ya haura dubu goma, take zai kashe ta. Bakin shiga kawai ake aunawa. In wuta na isa bakin shiga amma akwati bai ce uffan ba, an gama da shi. Gyara shi ma ɓata lokaci ne, domin an cika cikinsa da wani danƙo mai tauri da ya daskare kan kayan, ba ka isa gare su sai ka farfasa su.

Na sake zare fulogi, na fizge makunnan ta gaba (a tsaye ake jan su, in sun ƙi a zura tsumma ta baya a ja, kada a sa sukudireba a kan fenti), na kwance farantin gaba. Suwic huɗu tsaf suke. Na babban kai kuwa, wanda ake ɗora tukunyar miya da ta tuwo, ya sha busasshiyar miya da mai har ya yi ɓawo, ga fari-farin gishiri a bakin ƙarafunansa. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta, man kuma ya riƙe ɗan harshen suwic ɗin ya hana shi komawa. Na zare shi daga sandar, na wanke da sifirit da buroshi har sau uku, na shanya a rana kusan awa guda. Da mita a ma'aunin ƙara na gwada: ba a danna ba shiru, an danna ta yi kuka, an saki ta yi shiru. Na maimaita sau ashirin don in ga ko zai sake maƙalewa. Na kuma duba robar da kyau ko wuta ta ƙona baƙin layi tsakanin ƙarafunan biyu. Da akwai wannan layin da wanki bai isa ba, gawayi ne, zai ci gaba da ɗaukar wuta, sai dai a canja jerin suwic ɗin gaba ɗaya. Babu, sai na mayar da shi.

Akwatin ba a samunsa a nan kusa. Na tura hoton rubutun jikinsa ta WhatsApp ga wani mai shagon kayan gas a kasuwar Sabon Gari a Kano, washegari direba ya sauke sabon akwatin a tashar Ringim. Sunan kamfanin murhu ba shi ne abin dubawa ba, masu ƙera murhu da yawa sayen akwatin suke yi daga wasu. Rubutun jikinsa ake bi. Na wannan ya ce 220–240V, 50/60Hz, 0.6VA, T120. Na ƙarshen yana nufin zai jure zafin wuri har digiri 120, kuma murhu mai obin yana buƙatar wannan. Wanda lambarsa ta gaza ta tsohon ba na karɓa ko da ya fi araha. Sai yawan bakin fita, sai faɗin ƙarafunan da ake soka waya, a nan na shiga milimita 6.3 ne, na fita 2.8.

Akwai tarko biyu a wajen saye. Na farko murhun gwanjo da aka shigo da shi daga Amurka: akwatinsa na bolt 120 ne, in aka ba shi wutarmu kai tsaye sau ɗaya zai yi magana, in kuma aka sa masa namu aka bar shi a kan taransifomar rage wuta ba zai yi ƙyas ɗin kirki ba. Na biyu akwatin da ke sake kunna wuta da kansa in iska ta kashe ta. Wannan ta cikin tsinken yake jin ko harshen wuta na nan, kuma ba ya aiki daidai sai layif (wayar da ke kawo wuta) da nutiral (wadda ke mayar da ita) suna mazauninsu kuma akwai at na gaske, wato wayar kariya da ke haɗe da ƙasa. A gidan da soket ba at, ko ake amfani da ƙaramin janareta ko inbata, sai ya yi ta ƙyas ko da wuta na ci. Kamanninsu kusan ɗaya da na gama-gari, don haka na ce wa mai shagon: "Alhaji, na dannawa nake so, ba mai kunna kansa ba."

Ɗaurawar ita ce mafi sauƙi, in ban da abu ɗaya. Tsohon yana da bakin fita biyar, da na shida a gefe wanda wata waya mai kore da rawaya ta tashi daga shi zuwa jikin murhu. Sabon bakinsa shida ne iri ɗaya, a jere biyu-biyu. Jerin nan ba ado ba ne. Kowane biyu bakin naɗin waya ɗaya ne a cikin taransifoma, wutar ta fita ta ɗaya, ta tsallaka a kai, ta bi ƙarfen murhu, ta tsallaka a ɗaya kan ta dawo gida. In ka bar ɗaya a buɗe ba komai a jikinsa, abokin tafiyarsa zai yi rauni ko ya ƙi, wutar kuma ta riƙa neman hanya a cikin akwatin har ta huda shi. Don haka murhu mai wuri biyar da akwati mai baki shida, dole na shidan ya tafi jikin murhu. Na haɗa babba da ƙarami a jeri ɗaya, matsakaita biyu a na biyu, obin da wayar at a na uku. Wayoyin shiga na mayar yadda hoto ya nuna, layif da ya biyo ta suwic a L, nutiral a N. Duk bakin da na soka na ɗan ja shi baya; biyu sun yi sako-sako, na matse su da filaya kafin in mayar. A ƙarfe ake kama waya in za a zare ko a soka, ba a riga ba.

Kunnen sabon akwatin bai zo daidai da ramin tsohon ba, sai na matsa da shi yatsa biyu zuwa wani ramin da ke nan. Wannan ya sa wayar at ta kasa kai wa mazauninta na da, na ɗaure ta a wani sukuru na kusa. Kuskurena ke nan. Da aka sa wuta, har yanzu ba gas, kawuna uku suka ba da tartsatsi shuɗi mai ƙara, na obin kuwa ja-ja ne siriri, yana yi yana fashi. Sukurun da na zaɓa a kan fenti yake zaune, fenti kuwa ba ya ɗaukar wuta. Na zare fulogi, na kankare wurin da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, na sa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, mai haƙora na ɗaure tam. Obin ya dawo daidai.

Saura ƙaramin kai na baya. Ana jin ƙyas ɗinsa amma ba a ganin komai a bakin tsinken. Na sa aka saki labulen zaure, na leƙa ta baya, sai ga wutar tana tsalle a ƙarƙashin faranti, daga tsakiyar waya zuwa bututun gas. Don in tabbatar ba bakin akwatin ba ne, na musanya wayarsa da ta matsakaicin dama: ciwon bai bi bakin ba, ya tsaya a ƙaramin kai. Na kwashe ƙarafan ɗora tukunya da hulunan kawuna, na kwance sukuru bibbiyu da ke riƙe kowane kai, na ɗaga farantin sama a hankali. A nan ake yin ɓarna in ana sauri, domin bututan da ke kai gas ga kawunan na alminiyam ne sirara, in suka lanƙwashe a gindi sai yoyo. Ɓera ya ci rigar wayar wajen tsawon farce, daidai inda ta kwanta a kan bututu. Wannan ba sabon ciwo ba ne, uwargida ta ce dama wannan kan ya daɗe sai da ashana.

Baƙin tef ba ya maganin wannan. An yi shi don wutar gida, dubu goma za ta huda shi, zafi kuma ya narkar da shi. Tsinke da wayarsa abu ɗaya ne, tare ake canja su, kuma ina da na wani mataccen murhu mai tsayi ɗaya. Ɗan zoben ƙarfe ne ke riƙe shi ta ƙasa, a zare shi da filaya, tsinken ya fito ta sama. Tangaran ne, ba a murɗa shi ba a buga shi; in ya tsage ko da kamar gashi, wuta ta nan za ta riƙa zurarewa. Sabuwar wayar na bi da ita nesa da bututu da kusan yatsa guda, ban kuma ɗaure wayoyin tartsatsi tamau a dami ɗaya ba, don suna satar wa juna wuta.

Tunda faranti a buɗe yake, na goge dukkan tsinkayen da sifirit, na ɗan shafa sanfefa a kan ƙarfen bakinsu da wurin da wuta ke sauka a jikin kai. Ratar da ake so milimita 3 zuwa 4 ce. In ba ma'auni, tsinken ashana biyu a haɗe sun kusa haka. Ratar da ta yi yawa wuta ba ta tsallakawa, wadda ta yi kaɗan kuma tartsatsinta ba ya da kuzarin kama gas. Yawanci ba tsinken ne ke gocewa ba, kan ne ba a zaunar da shi daidai a gurbinsa ba bayan wanki. A cikin obin akwai wani tsinken na biyu mai launin jan ƙarfe, ba ya tartsatsi kuma ba lalacewa ya yi ba: shi ke jin zafi ya riƙe gas a buɗe, in wuta ta mutu ya rufe. A bar shi inda yake.

Na rufe komai ban da farantin baya, na ƙirga sukuru ba wanda ya yi saura sai nasa, aka mayar da murhu kicin aka shigo da tukunya. Fulogi a zare na buɗe regileta, na shafa kumfar sabulu a bakin regileta da bakin tiyo biyu da inda tiyo ya shiga murhu. Gindin bututan da na motsa kuwa gas ba ya isa can sai an buɗe makunni, don haka su na gwada tun kafin in ɗaure farantin baya, na kunna kai da ashana yana ci, ina shafa kumfa ta baya. Ba ƙwai ko ɗaya da ya taso. Ba a neman yoyo da ashana, kowa ya sani, amma har yanzu ana yi.

Kunnawar farko ta ɗan ja lokaci saboda iskar da ta shiga tiyo. Bayan nan kowane kai na kamawa a ƙyas na biyu ko na uku, kuma da an saki makunni sai shiru, wanda shi na fi sauraro. Matsakaicin hagu ya ɗan yi gardama, ga tartsatsi ga gas amma ba ya kamawa da wuri. 'Yar ƙofar da ke fuskantar tsinken ce ta toshe da busasshen tuwo, na zare da allura. Obin a buɗe ƙofa ake kunna shi, a riƙe makunni a danne kamar daƙiƙa goma bayan ya kama. In ya kai daƙiƙa 15 bai kama ba a saki, a bar ƙofar a buɗe aƙalla minti ɗaya kafin a sake, in ba haka ba gas ɗin da ya taru zai tashi gaba ɗaya a fuskar mutum.

Maigidan ya tambaya ko ba a mayar da shi na batir, tunda wuta sai ta ga dama. Ana yi. Akwai akwati mai cin batir ɗaya na bolt 1.5, irin babban na tocila, mai baki huɗu ko shida. Sharaɗinsa a raba layin suwic da wutar soket kwata-kwata, a kuma sami wa batirin wuri mai sanyi, don zafin obin na sa shi yoyo. Da ya faɗa kafin a aiko da wannan, da shi zan ba shi shawara.

Na bar murhun a soket rabin awa ba a taɓa shi ba, ina zaune ina sauraro, bai yi ƙyas ko ɗaya ba. Ramin da tiyo da waya suka shiga ta baya na toshe gefensa da ragar ƙarfe saboda ɓera. Saƙon da na bar wa uwargida ta bakin maigida shi ne ta zare fulogi kafin wanki, ta matse tsumma kada ruwa ya gangara bayan makunnai, in miya ta ɓalle ta bari ya bushe kafin ta mayar, in kuma ta sake jin yana ƙyas shi kaɗai ta zare nan take ko tsakar dare ne, ta yi girkinta da ashana har in zo.